Raguwar Ƙusar Ommund

Duk wanda aka haifa a yankinmu na Jaeren yakan iya ɗaukar dutse kafin ya iya kiran sunan uwarsa. Ƙasar nan haihuwar duwatsu take yi kamar zomo. Ka share gona tas bana, sanyi ya zo ya daskarar da ita, ƙanƙara na narkewa ka tarar sababbi sun leƙo, har da 'ya'ya da jikoki. Kowa ya haƙura, ya ɗauka rabonsa ne, ya jera su ya yi katanga. Ommund kaɗai ya riƙe abin a zuciya.

Ommund jikan kakarmu Borghild ne ta wajen ɗanta na biyu. Dogo ne kamar sandar tuta, kunnuwansa kuwa idan iskar teku ta taso sai an riƙe masa riga don kada ya tashi sama. A gonar Kaka ya girma. Yana ɗan shekara tara dutse ya faɗo masa a babban yatsa har farce ya fita. Bai yi kuka ba. Tsayawa ya yi ya daɗe yana kallon dutsen kamar mai haddace fuskar ɓarawo. Tun ranar Kaka ta ce yaron nan ko injiniya ko ɗan kurkuku. Allah ya taimaka makarantar injiniyoyi ta birni ta riga ɗaukarsa.

Mutum ne mai ibada, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Daga birni yake shigo jirgin ƙasa kowace Asabar don kada Lahadi ta wuce shi a ɗakin addu'a na ƙauye, farin gidan katakon nan na bakin mararraba. Sai dai bakinsa nauyi ne da shi. A shekara yakan yi magana wajen sau goma sha biyu, rabinsu kuma amin ne. Amma ka kuskura ka taɓo masa zancen inji, to ka nemi kujera da guzuri.

Shekara biyu ya yi yana ƙera maganin duwatsu a takarda. Inji ne da tarakta za ta ja, da haƙora masu tsefe ƙasa, su tankaɗe ta, su jefa duwatsun cikin kwando a baya. Duk wannan wani ma zai iya tunaninsa. Asirin yana wajen wata 'yar ƙusa mai tsawon yatsa, wadda ta haɗa haƙoran da sauran injin. Da gangan ya yi ta raguwa, ya yanke mata ƙugu. Idan haƙoran suka ci karo da dutsen da ya fi ƙarfinsu, ita za ta karye, komai ya tsaya lafiya, a sa wata a ci gaba. Wajen marigayi kakanmu ya gano dabarar, wanda yake sa turken itace a garma don turken ya karye a madadin ƙafar doki. Ƙusa ɗari shida Ommund ya karya a maƙerar makaranta kafin ya sami daidai ragwancin da yake so. Malamansa har sun fara tunanin cin su yake yi.

To a ɗakin addu'armu, Lahadin farko ta kowane wata da rana ana taron shaida. Duk wanda Ubangiji ya yi wa wani abu sai ya miƙe ya faɗa. Ba a ƙayyade wa kowa lokaci, ba a katse kowa. Doka ɗaya ce, ita ma ba a rubuta ta ba: da zarar matar da ke da aikin kicin a ranar ta ɗaga 'yar tagar nan, ƙamshin kofi ya shigo, to shaida ta ƙare. Ko mala'ika ne a tsaye sai ya ce amin ya nemi kofinsa.

Wata Lahadi cikin sanyi sai ga Ommund ya miƙe. Tsofaffi suka gyara tabarau.

"'Yan'uwa," in ji shi, "Ubangiji ya nuna mini yadda za a gama da duwatsu."

Ya janyo allon da ake koya wa yara karatun Lahadi, ya goge tunkiyar da aka zana a kai, ya kama alli. Ya zana haƙora, ya zana sarƙa, ya zana kwando, ya sa wa kowanne tsawo da faɗi, duk don a ga girman alherin da aka yi masa. A ransa abin da aka faɗa a gaban Ubangiji ai a hannun Ubangiji yake. Ya ɗora allin a kan ƙusar ke nan, ya ce, "Wannan kuma 'yar ƙaramar, ita ce…" sai taga ta yi ƙarau. Cikin ƙiftawar ido ya tarar bayan kawuna yake wa bayani.

Mutum ɗaya ne bai tashi ba. Ingebret, mai masana'antar kayan noma ta gefen babbar hanya, dattijon benci na gaba, wanda idan ya buɗe murya yana addu'a shanun maƙwabta sukan daina tuƙa. Shekara talatin yana zuwa ɗakin nan, ba a taɓa ganin ya mayar da kofinsa kicin ba. Ranar sai ya ɗora wa Ommund hannu a ka, ya yi masa addu'ar da ta girgiza fitilu, sannan ya ce, "Je ka sha kofi, ɗan'uwa Ommund, ka gaji. Bar allon, ni zan goge."

Kaka ta gan shi yana ɗaga wayarsa wajen allon. Ta ɗauka idon ne ya tsufa, ƙarfe nawa yake dubawa.

Shekara ta zagayo da 'yan watanni, ajinsu Ommund suka fara ziyarar masana'antu. An kai su inda ake cusa kifi a gwangwani, an kai su inda ake lanƙwasa bututun mai, an kai su gidan siminti. Ommund yana da ɗan littafi baƙi a aljihu, kowace ziyara sai ya rubuta abin da ta koya masa game da bangaskiya. A gidan kifi ya rubuta cewa Ubangiji ya san kowane kifi ko da an cire masa kai. A gidan siminti ya rubuta shafi huɗu a kan haƙuri. Sai ranar Alhamis motar makaranta ta tsaya a ƙofar masana'antar Ingebret.

Aka raba musu hulunan kwano masu ruwan ƙwai. Mai gida da kansa ya fito zagayawa da su, ciki a gaba, murya a sama. Ya buɗe babbar ƙofar baya. Ga su nan a jere, guda arba'in, jajaye wur, kowanne da haƙoransa da sarƙarsa da kwandonsa, kowanne an rubuta masa INGEBRET da farin fenti, harafi ɗaya ya kai girman ɗan maraƙi.

Turid, 'yar ajinsu da ke zama kusa da shi, wadda bakinta ba ya da birki, ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai dogo, ba wannan ne abin da ka ishe mu da shi shekara biyu ba? Har kwandon a karkace irin naka."

Kunnuwan Ommund suka yi ja, suka fi injinan.

"Ina cikin addu'a aka saukar mini da shi," in ji Ingebret, yana shafa ɗaya kamar doki. "Cikakke, da awonsa da komai. Ni dai bawa ne, yara, abin da aka ba ni na karɓa." Idonsa ya bi ta kan Ommund ya wuce kamar ya bi ta kan ginshiƙi.

Ommund ya saki fensirinsa ƙasa, ya durƙusa nemansa, ya zarce har ƙarƙashin injin. Can ya ga abin da ya gani. A gurbin raguwar ƙusarsa an ɗaura wani ƙaton ƙarfe mai sheƙi, irin wanda ake riƙe gada da shi. Ya zaro ma'aunin da ba ya rabuwa da shi ko a majami'a, ya auna ramin ƙusar, ya fito yana kaɗe gwiwa.

"Ka ga wannan wurin ko?" in ji Ingebret. "Nan kaɗai na tarar da rauni a wahayin. Wata siririyar aba ce kamar tsinken sakace. Na cire ta, na sa ƙarfen maza."

"Au, har ka gyara wa Ubangiji zanensa?" in ji Turid. "Sannu da ƙoƙari."

Ɗalibai suka tuntsire, malama ta harare su. Ingebret ya yi kamar ƙarar injuna ta hana shi ji. Ya ce abin da ya rage kawai gona yake nema mai duwatsu sosai, ya gwada injin a gaban manoman da suka riga suka sa suna, sannan kowa ya ja nasa.

A nan ne Ommund ya yi murmushi. Turid ta rantse ranar ta fara sanin yana da haƙora.

"Gonar Kaka ta bayan tudu tana nan, ɗan'uwa Ingebret," in ji shi. "Albarka ce a gare mu."

Shafin wannan ziyara a baƙin littafi babu rubutu ko ɗaya. Rami ne kawai, inda fensir ya huda takarda har shafi bakwai.

Daga ranar addu'a ta fara yi masa wuya. Ba duka ba, wuri guda. Idan jama'a suna addu'ar da aka saba yi tare, aka zo inda mutum ke neman a gafarta masa yadda shi ma yake gafarta wa wasu, sai tari ya kama Ommund. Tari mai ƙarfi, wanda yake farawa daidai farkon wurin ya ƙare daidai ƙarshensa. Ya yi ta juya maganar irin juyawar injiniya. Ya bincika ta sama, ya bincika ta ƙasa. A ƙarshe ya gano cewa lallai an ce a yafe, babu makawa, amma bai ga inda aka sa rana ba.

A tsakiyar gonar bayan tudu akwai wani dutse da danginmu ke kira Mai Sanƙo, don tsakiyar kansa kaɗai ke leƙowa, faɗin faranti. Sauran jikinsa kuwa, marigayi ya taɓa haƙawa kwana uku ya bari, ya ce yana jin ƙarshensa a Ingila yake. Garma uku ya ci a gidanmu. Ranar Juma'a, jajibirin gwajin, Ommund ya riga ya dawo daga birni, da safe Kaka ta fito shanya ta hango shi da baro cike da ƙasa, yana juye wa Mai Sanƙo a ka yana lallaɓawa da bayan shebur.

"Wa kake binnewa, ɗan nan?"

"Hula nake sa masa, Kaka. Gobe akwai baƙi."

Ta dube shi, kwandon wanki a ƙugu. Ita ma ta je ta ga jajayen injinan ta shingen waya, ta kuma tuna wayar da aka ɗaga wa allo.

"Kai da kake tari a addu'a," in ji ta, "ka san wannan ba aikin Kirista ba ne ko?"

"Na sani, Kaka."

"To tunda ka sani, ƙara masa ciyawa a sama. Wannan hular ko makaho ya gane sabuwa ce."

Asabar gona ta cika. Manoma arba'in da matansu da karnukansu, Turid ma ta biyo jirgi don kallo. Ingebret ya zo da injuna biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ado. Kafin a fara, Ommund ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana kora su bayan katanga, har karnuka, ya kuma tabbatar Ingebret ya rufe ƙofar tarakta da gilashinta. Fansa yake nema, ba jana'iza ba. Wannan kaɗai ya rubuta a littafinsa a matsayin ibadar ranar.

Ingebret ya yi addu'ar buɗewa ta minti goma sha biyar, ya tayar. Gaskiya layin farko abin ya yi kyau. Duwatsu suna tsalle cikin kwando kamar kwaɗi, tsofaffin da suka ƙare ƙuruciyarsu a sunkuye suna share hawaye. Ommund ma sai da ya bi injin da ido, don ai ɗansa ne, ko da a gidan wani aka raɗa masa suna. Layi na biyu lafiya. Layi na uku ya miƙe sak zuwa sabuwar ciyawa.

Ƙarar da aka ji, masu jirgin ruwa a bakin teku sun ɗauka yaƙi aka fara. Ƙarfen maza bai karye ba, ko lanƙwasa bai yi ba, a ba shi haƙƙinsa. Duk sauran ne suka karye. Haƙora suka watse sama kamar an jefa cokula, sarƙa ta tsinke ta naɗe kwando, kwandon ya tashi ya sauka a kan katanga ya zauna kamar mai jiran mota. Mai Sanƙo ya fito daga hularsa da jan zane guda na fentin injin a goshi, ko gezau.

Sai wani tsohon manomi mai suna Gaute ya cire lofe daga baki.

"Ingebret, wannan ɓangaren ma yana cikin wahayin?"

Ommund ya tsallake katanga, ya sa hannu a aljihu, ya fito da 'yar ƙusa mai yankakken ƙugu.

"A ba ni aron na adon, ɗan'uwa."

Ingebret ya buɗe baki zai hana, manoma arba'in suka dube shi, ya rufe. Ommund ya shiga ƙarƙashi, ya kwance ƙarfen maza ya miƙa wa Turid ta riƙe kamar mataccen ɓera, ya sa tasa. Ya hau tarakta, ya nufi Mai Sanƙo kai tsaye, a gaban kowa. Aka ji ƙas, kamar an karya biskit. Inji ya tsaya cik, lafiya lau. Ya sauko, ya sa wata ƙusar, ya kauce wa dutsen, ya ci gaba da tsefe gona. Duka bai kai lokacin shan rabin kofi ba.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan ranar," in ji shi, "sai aka buɗe taga."

Da Ingebret mai hankali ne, da a nan ya sauko. Ingebret ya ce shi bai san wani allo ba, Ubangiji kuma yana iya ba mutum biyu wahayi ɗaya. Ya tsinci guntun ƙusar a ɓoye ya kai wa maƙeransa. Mako uku suna yi. Wadda suka fara yi tana karyewa idan ta haɗu da dankali. Ta biyu ta ci wani injin. Manoma suka ce ba mai jan ko ɗaya zuwa gonarsa sai da ƙusar yaron Borghild. Duk da haka sunan nan na farin fenti yana nan, kuma shi ne abin da ke hana Ommund cin dunƙulen dankali da naman tunkiya na ranar Alhamis, abincin da a da sai an ɓoye tukunya.

Sai Lahadin farkon wata ta zo. Aka duba takardar da ke manne a ƙofar kicin, aikin kofi na Borghild ne.

Ommund ya miƙe. Bai nemi allo ba.

"'Yan'uwa, na zo in ba da shaidar cewa Ubangiji ya ba ni ikon yafewa. Yau zan yafe wa ɗan'uwa Ingebret."

Ya fara daga hannun da aka ɗora masa a ka, ya yafe shi yatsa bayan yatsa. Ya yafe wayar. Ya yafe gogewar allon, ya yafe tsumman da aka goge da shi. Ya yafe injuna arba'in ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa. Ya yafe jan fenti, ya koma ya yafe farin, harafi harafi, takwas cif. Kowace yafiya sai ya tsaya, jama'a su ce amin, don ba a jin an yafe a yi shiru. Ingebret yana benci na gaba, ba damar fita, ba damar katsewa, shi ma dole amin ɗin yake cewa. Wuyansa ya yi kalar injinsa.

Minti arba'in, Ingebret ya saci kallon taga. A rufe. Awa guda, kowa ya fara satar kallonta. Kaka tana ciki a kan kujera tana saƙa safa, tukunyar kofi a gefenta ko ruwa ba a zuba mata ba. Mutanen da tun da aka yaye su ba su taɓa kai ƙarfe biyar ba kofi ba suka fara ganin duhu-duhu. Abin mamaki, ba mai hararar Ommund. Ai shi yafiya yake yi. Ingebret ake harara.

"Yanzu kuma zan koma kan abin da aka faɗa a gaban 'yan ajinmu," in ji Ommund, yana buɗe baƙin littafi. "Kashi goma sha ɗaya ne."

Gaute ya yi nishi daga baya. "Don girman Allah, Ingebret, tashi ka karɓi yafiyar nan mu sha kofi. Matata ta fara ganin iyayenta da suka rasu."

Ingebret ya miƙe kamar ana ɗaga shi da igiya. Ya dubi takalmansa.

"Zanen nasa ne," ya ce can ƙasa.

"Ba a ji a kicin ba!" in ji wata murya daga bayan taga.

Sai ya faɗa da muryar addu'arsa, wadda shanu suka sani. "Zanen na Ommund ne! A allo na ɗauka!"

Taga ta yi ƙarau. Kofin bai ma tafasa ba tukuna, amma jin ƙarar kaɗai sai da wata tsohuwa ta fara waƙar yabo.

Ommund ya gama karatunsa a makare da shekara guda, don ƙusa ta cinye masa lokaci. A tsohon garken tumakin Kaka ya kafa maƙera, yanzu mutum huɗu ke aiki a ciki, Turid ce ke faɗa da masu saye. Ingebret yana nan yana ƙera jikin injin, amma kowanne yana fita da ɗan farantin ƙarfe a gefe mai cewa zanen Ommund ne, kuma ƙusarsa kaɗai za a sa. Kowace ƙusa da sunansa a kanta, ƙanana ƙanana, don haka babu manomin Jaeren da ba ya yawo da Ommund biyar ko shida a aljihun wando. Asirin ƙugun kuwa bai sake ba da shaidarsa a ko'ina ba. Ya ce wannan tsakaninsa da Ubangiji ne, kuma Ubangiji ba ya riƙe waya.

Tarin ya warke. Kaka dai ta ce idan ka zauna kusa da shi har yanzu za ka ji ɗan gyaran murya a wurin, kaɗan, kamar mota mai tsallake kwalbati. Shi ya ce sanyi ne. Amma kowace shekara idan ƙanƙara ta narke, kafin ya taɓa kowane aiki, yakan ɗauki gwangwanin jan fenti da ɗan buroshi ya nufi bayan tudu, ya durƙusa gaban Mai Sanƙo, ya sabunta masa zanen goshinsa.